Magajin Garin Da Ya Ɗaure Kansa Da Alkawari

Ran Alhamis, 14 ga watan Yuli 2016, ruwa ya tsinke a birnin Gdansk na ƙasar Folan, aka shiga dare ana yinsa kamar da bakin ƙwarya. A waɗansu unguwanni abin da ya sauka ya kai wajen milimita 160, watau ya ninka abin da aka saba samu cikin watan Yuli ɗungum. Rafukan da ke gangarowa daga tuddai suka cika suka batse, tituna suka koma koguna, motoci suka nutse, ruwa ya malale ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda mutanen can ke ajiye tarkacensu. Mutum biyu suka rasa rayukansu. Duniya ba ta ji labarin sosai ba, domin kuwa a wannan daren ne wani ya kutsa da babbar mota cikin taron jama'a a birnin Nice na Faransa, ya hallaka mutum 86, hankalin kowa ya koma can. Mutanen Gdansk su kaɗai suka wayi gari da taɓonsu.

Ya kamata a ɗan kwatanta wa mai karatu garin, don yadda Allah Ya shimfiɗa ƙasar wurin shi ne rabin labarin. Gdansk tashar jiragen ruwa ce a bakin Tekun Baltik, kusa da inda Kogin Bistula ya faɗa teku, mutanenta kuwa sun kusa rabin miliyan. Jamusawa suna kiran garin Danzig. A nan ne aka buɗe wutar Yaƙin Duniya na Biyu ran 1 ga Satumba 1939, a nan ne kuma cikin Agusta 1980 ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa suka yi yajin aikin da ya haifi ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc a ƙarƙashin Lech Walesa, wadda daga baya ta ga bayan mulkin kwaminisanci a ƙasar. Yamma da gari tuddai ne masu kurmi, gabas kuwa fadama ce shimfiɗaɗɗiya, har wani wurin ya fi teku ƙasa. Saboda haka duk ruwan da ya sauka a kan tudu ba shi da hanyar zuwa teku sai ta cikin gari. Muddin tudun yana da itatuwa da ciyawa, ƙasa takan sha rabonta, sauran ya gangaro a hankali. Amma shekara da shekaru gari yana ta hawa tudun, ana gina sababbin unguwanni, ana malala kwalta da siminti, su kuwa ba su shan ruwa. Bayan wannan ga sauyin yanayi. Masana sun tabbatar cewa duk sa'ad da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, takan iya riƙe ƙarin laima kimanin kashi 7 cikin 100, abin da ta riƙe kuwa wata rana sai ta juye shi gaba ɗaya.

Magajin garin a lokacin shi ne Pawel Adamowicz, haifaffen garin, lauya, wanda tun yana ɗalibi ya shiga gwagwarmayar yaƙi da kwaminisanci, har ya ja ragamar yajin ɗalibai a jami'ar garin cikin 1988. Ya zama kansila cikin 1990, ya hau kujerar magajin gari cikin 1998. Watau ba baƙon ambaliya ba ne. Yana kan kujerar ran 9 ga Yuli 2001, ranar da ruwa fiye da milimita 120 ya sauka cikin 'yan sa'o'i, ya fasa gaɓar tsohuwar magudanar Radunia, ya cinye unguwannin kudancin gari, mutum huɗu suka mutu. Bayan wannan masifa hukumar gari ba ta yi barci ba. An kashe kuɗi masu yawa, an haƙa gomman tafkuna a bakin rafuka don su tare ruwa kafin ya iso gidaje. Injiniyoyi suka lissafa cewa irin wancan ruwan sai a yi shekara ɗari ko fiye ba a ga kamarsa ba. Ga shi shekara 15 kacal, wanda ya fi shi ya sauko.

Kowa ya san abin da mai mulki kan yi a irin wannan rana, ko a wace ƙasa yake. Yakan sa takalmin ruwa ya zaga unguwanni da masu ɗaukar hoto, ya jajanta, ya yi alkawarin taimako, sa'an nan ya kafa kwamiti. Kwamitin kuwa galibi na waɗanda ake tuhuma ne da sakaci, ko na abokansu. In an matsa, sai a kira taron jin ra'ayin jama'a a babban zaure, waɗanda suka fi kowa murya su cika shi, a yi ta hayaniya sa'a uku, magatakarda ya rubuta abin da ya ga dama, kowa ya kama gabansa. A takarda an nemi shawara. A zahiri an bar mutane sun huce ne kawai.

Adamowicz ya tarar da fushin jama'a kamar kowane mai mulki, shi ma kuwa ba a rasa masu zarginsa ba, har a kan yadda ya bayyana dukiyarsa. Abin da ya bambanta shi shi ne amsar da ya ba wani mutum da ya zo masa da wata shawara. Sunan mutumin Marcin Gerwin, masanin kimiyyar siyasa daga Sopot, wani ƙaramin gari da ke maƙwabtaka da Gdansk. Gerwin yana cikin waɗanda suka matsa har Sopot ta zama gari na farko a Folan da ya ware wani kaso na kasafin kuɗinsa cikin 2011 ya bar wa mazauna su zaɓi aikin da za a yi da shi. Shawarar da ya kawo yanzu ita ce a tara talakawan gari, ba ta zaɓe ba, ba ta naɗi ba, sai ta ƙuri'ar sa'a, wanda ta faɗa wa shi ke nan, a zaunar da su su ji bayanin masana, su tattauna, su faɗa wa hukuma yadda za a shirya wa ruwa mai zuwa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Mutanen Atina ta ƙasar Girka tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce da ƙuri'ar sa'a suke cika majalisarsu ta mutum 500, bisa tunanin cewa zaɓe mai kuɗi da mai baki yake fifitawa. A wannan zamani lardin British Columbia na Kanada ya gwada ta cikin 2004 a kan tsarin zaɓe, ƙasar Ailan kuma ta kafa irin wannan majalisa ta mutum 99 cikin 2016 ɗin nan. Amma a Folan ba a taɓa yi ba.

Magajin gari ya yarda. Sa'an nan ya ƙara wani abu wanda shi ne ƙashin bayan labarin duka. Tun kafin a zaɓi ko mutum ɗaya, tun kafin ya san abin da za su ce, ya bayyana a fili cewa duk shawarar da ta sami goyon bayan kashi 80 cikin 100 na mahalarta, to, hukumar gari za ta ɗauke ta a matsayin umarni. Dokar Folan ba ta tilasta masa haka ba. A idon doka irin wannan zama neman shawara ne kurum, mai mulki na iya karɓa ya yi godiya ya jefa a aljihun tebur. Shi ne ya ɗaure kansa da bakinsa, a gaban 'yan jarida da 'yan adawa, ya ba su sandar da za su buge shi da ita in ya saɓa.

Aka aika da dubban wasiƙu ga mutanen da aka tsamo sunayensu a makance daga rajistar masu zaɓe. Ba a tilasta wa kowa ba. Wanda ya ga zai iya sadaukar da ranakun hutunsa shi ne ya rubuta sunansa. Daga cikin waɗanda suka amsa aka sake jefa ƙuri'a, aka fitar da kimanin mutum 60, tare da kiyaye cewa maza da mata, matasa da tsofaffi, masu zurfin ilmi da marasa shi, da kowace unguwa, kowa ya sami wakilci gwargwadon yawansa a gari. Har da ƙwayar nan mai fuska shida ta wasan ludo aka yi amfani wajen yanke ƙuri'ar ƙarshe, don kada wani ya ce an sa hannu. Nufin shi ne a sami garin kansa a ƙunshe cikin ɗaki guda. Aka ba su ɗan kuɗin zama, abin da ba zai sa mutum ya yi arziki ba, amma zai hana a ce sai mai hali ne zai iya zuwa.

Cikin watannin Nuwamba da Disamba 2016 suka riƙa haɗuwa ran Asabar. Ba ma'aikatan hukuma ke jagorancin zaman ba, waɗansu ne daban masu zaman kansu. Da farko karatu aka yi: masana ruwa da na kurmi, da ma'aikatan gari, da ƙungiyoyi masu ra'ayi iri iri, kowa ya zo ya faɗi nasa, aka yi masa tambayoyi. Bayan haka suka rarrabu ƙungiya ƙungiya a kan tebura, suka tattauna, suka tsara shawarwari, suka jefa ƙuri'a a kan kowace ɗaya.

Tambaya uku aka aza musu. Ta farko, me za a yi don kurmin da ke kan tudu ya ƙara riƙe ruwan sama. Ta biyu, wane irin taimako ya wajaba hukuma ta yi wa mazauna bayan ruwa ya yi ɓarna. Ta uku kuwa, wadda ta fi kama da ƙaramar magana, ita ce ta fi nuna dalilin tara su: in za a haƙa sababbin tafkunan tare ruwa, a riƙa barinsu da ruwa a ciki kamar yadda aka saba, ko a bar su a bushe?

Mai karatu ya dubi wannan tambaya da kyau. Tafkin da ke da ruwa kullum abin sha'awa ne. Agwagi na iyo, an dasa itatuwa a gefe, tsofaffi na zama a kan benci, yara na wasa, gidajen da ke kallonsa ma sun fi daraja. Amma tulun da ke da ruwa rabi, rabi kaɗai zai ƙara ɗauka. Busasshen tafki kuwa rami ne mai ciyawa, ba mai zuwa ya ɗauki hoto a bakinsa, sai dai ranar da sama ta tsage zai haɗiye abin da wancan ba zai iya ba. Injiniya yana iya faɗin ko ganga nawa kowannensu zai riƙe, ba kuskure. Abin da ba ya cikin littafinsa shi ne wanne ya fi nauyi, jin daɗin mutanen kan tudu na kwana 364, ko kwanciyar hankalin mutanen gangare na dare ɗaya. Wannan ba lissafi ba ne, rabon riba da hasara ne tsakanin maƙwabta, maƙwabtan ne kuwa ya kamata su zauna su kalli juna su yanke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan ɗakin na mutum dubu ɗari huɗu da 'yan kai ne, kuma inda yake yi wa wani yoyo, nan ne wani ke shanya.

Ba a rasa masu suka ba, maganarsu kuma ba ta banza ba ce. Waɗansu suka ce, me direban bas ko mai sayar da burodi ya sani game da gudun ruwa, har da za a ɗora maganarsa a kan ta wanda ya yi shekaru yana karatun abin? Amsar wannan mai sauƙi ce, don kansilan da aka zaɓa shi ma ba masanin ruwa ba ne, kuma da wuya ya sami ranakun Asabar a jere ya zauna kan magana ɗaya tak ba tare da tunanin zaɓe mai zuwa ba. Suka ta biyu ta fi ƙarfi: kansila jama'a suka zaɓe shi, in ya ɓata za su iya kayar da shi, to, wa zai kayar da wanda ƙuri'ar sa'a ta kawo? Saboda wannan ne aka kai ma'aunin har kashi 80. Abin da mutum takwas cikin goma na baƙin juna suka haɗu a kansa bayan sun ji kowane ɓangare, da wuya ya zama son zuciyar wata ƙungiya. Akwai kuma suka ta uku wadda ba ta da cikakkiyar amsa. Wanda ya tsara tambaya shi ke riƙe da linzami. An tambaye su game da kurmi da tafki da taimako, amma babbar maganar gine-ginen da ke cin tudu, inda kuɗi da manyan mutane suke, ba ta cikin tambayoyin uku da sunanta. Haka kuma wanda wasiƙa ta zo masa ya jefar, saboda aiki ya yi masa yawa ko saboda ya daɗe da yanke ƙauna daga hukuma, ba shi da murya a ɗakin, alhali sau da yawa shi ne ruwa ya fi ci.

Duk da haka, darajar alkawarin nan na kashi 80 ba ta fitowa sosai sai an dubi inda aka yi irin zaman ba tare da ma'auni ba. A Faransa, bayan boren masu riguna ruwan ɗorawa da ya tashi cikin Nuwamba 2018 a kan ƙarin harajin mai, Shugaba Macron ya tara mutum 150 ta ƙuri'ar sa'a, ya ce su nemo hanyar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da kashi 40 cikin 100 kafin 2030, in an gwada da na 1990. Ya yi alkawarin zai miƙa abin da suka kawo ga majalisa ko ga ƙuri'ar raba gardama ba tare da tacewa ba. Suka yi aiki daga Oktoba 2019 zuwa Yuni 2020, suka kawo shawara 149. Nan take ya cire uku, ciki har da ta rage gudun mota a manyan hanyoyi zuwa kilomita 110 a sa'a. Sauran kuwa, kafin su zama doka cikin Agusta 2021 an bi da yawansu an rage musu kaifi. Alal misali, sun ce a hana jirgin sama zirga-zirga tsakanin garuruwan da jirgin ƙasa ke haɗawa cikin ƙasa da sa'a huɗu, doka ta mayar da shi sa'a biyu da rabi. Da aka tambayi mutanen 150 ɗin cikin Fabrairu 2021 maki nawa za su ba gwamnati a kan yadda ta karɓi aikinsu, sai suka ba ta 3.3 cikin 10. Ga mutane sun bar iyalinsu da sana'arsu wata da watanni, sun koma gida da jin an yi wasa da hankalinsu. Irin wannan ya fi rashin tambayar muni, don wanda aka taɓa kira aka wofintar ba ya amsa kira na biyu.

A gaskiya mulkin gari ya fi na ƙasa sauƙi ta wannan fuska. Magajin gari ba shi da kamfanonin jiragen sama a wuyansa, kuma abin da aka yi alkawari ido na ganinsa: ko an haƙa tafkin ko ba a haƙa ba, ko an yashe magudanar ko tana nan cike. Wanda ya ba da shawarar yana bi ta wurin kullum za shi aiki.

Adamowicz bai tsaya a zama ɗaya ba. Cikin 2017 ya sake kiran irinsa har sau biyu, ɗaya a kan gurɓatar iska, wadda hayaƙin kwal da ake ƙonawa a gidaje don jin ɗumi ke haddasawa, ɗaya a kan yadda za a ƙara jawo mazauna cikin harkokin garinsu. A wannan shekarar ruwa ya sake sauka da ƙarfi, waɗanda suka bi labarin kuwa sun ce hukuma ta fi yin hanzari a kan na bara. Sauran garuruwan Folan suka ɗauka: Lublin cikin 2018 a kan hayaƙi, Warso babban birni cikin 2020, Krakow cikin 2021, su biyun nan a kan sauyin yanayi.

Sai dai alkawarin da ba doka ce ta kafa shi ba, a kan mutum yake tsaye, mutum kuwa ba ya dawwama. Cikin Nuwamba 2018 mutanen Gdansk suka sake zaɓen Adamowicz, ya shiga wa'adinsa na shida. Ran Lahadi, 13 ga Janairu 2019, da dare, yana tsaye a kan dandamali a tsakiyar gari wajen bikin tara gudummawa da ake yi kowace shekara don sayen kayan aikin asibitoci, sai wani saurayi ɗan shekara 27, wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, ya hau ya daɓa masa wuƙa a gaban dubban mutane. Mazauna garin suka yi dogon layi suna ba da jini. Likitoci suka yi sa'o'i a kansa, amma kashegari ya cika, yana da shekara 53. Kisan ba shi da wata alaƙa da ruwa ko da majalisar talakawa. Maharin ya karɓi abin magana ya ce an ɗaure shi ne bisa zalunci a zamanin mulkin jam'iyyar da magajin garin ya taɓa zama ɗanta. Aka ajiye tokarsa a babbar majami'ar Maryama ta garin. Cikin Maris 2019 aka zaɓi mataimakiyarsa, Aleksandra Dulkiewicz, ta gaje shi.

Tun daga 2018 hukumar ruwa ta garin ta shiga yin abin da suke kira lambun ruwan sama. Ba adalci ba ne a ce mutum 60 ɗin nan su kaɗai suka kawo shi, don injiniyoyin garin su ma tunaninsu ya riga ya karkata wajen tare ruwa a inda ya sauka maimakon a kora shi cikin bututu zuwa ƙofar wani. Amma sun sami jama'ar da ta riga ta zauna ta fahimci dalilin. Lambun ba wani abin kallo ba ne. Ɗan kwari ne a gefen titi, ko a farfajiyar makaranta, ko tsakanin gidaje, an zuba masa tsakuwa da yashi, an dasa ciyayi masu jure ruwa da fari, an karkato masa indararo da bakin kwalta. In an yi ruwa sai ya cika, ya riƙe shi, ƙasa ta sha a hankali, bayan kwana ɗaya ko biyu ya bushe ya jira na gaba.